Kwalliyar Fuskar Kwamfuta: Baƙin Da Ke Shiga Ofisoshin Gwamnati Ba Tare Da Sallama Ba

Da misalin ƙarfe takwas na safe, bayan motocin ma'aikata daga Nyanya da Kubwa da Lugbe sun gama sauke mutane a bakin Sakatariyar Tarayya da ke kan titin Shehu Shagari, ofisoshi kan farka ɗaya bayan ɗaya: a buɗe taga, a kaɗe ƙurar tebur, a danna maɓallin kwamfuta. A teburin babban jami'in da ya kusa ritaya, abin da allo ke nunawa sau da yawa shi ne shuɗin hoton da kwamfutar ta zo da shi daga kamfani, ko tambarin ma'aikata, ko hoton Ka'aba, ko na jikoki cikin kayan sallah. A teburin da ke bakin ƙofa kuwa, inda aka zaunar da matashin da bai daɗe da kama aiki ba, ko mai hidimar ƙasa, akan ga wani abu daban. Hoton da ke bayan fayilolinsa ba a tsaye yake ba. Ruwan sama na zuba a kan wani birni mai fitilu, ko hayaƙi na tashi daga bindigar sojan wasan Call of Duty, ko wani ɗan ƙwallon eFootball na numfashi yana jiran a busa usur. Agogon kusurwa ya koma irin na cikin wasa, ma'aunin batir ya zama jan layin nan da ke nuna sauran ran jarumi, kibiyar linzami ta zama takobi.

Wanda ya leƙo daga baranda zai ɗauka wasa ake yi a lokacin aiki. Ba wasa ba ne. Takardar da darakta ya nema tana nan a buɗe, ana kan buga ta. Abin da ke motsi a bayanta kwalliya ce kawai, wadda wata manhaja ta musamman ke ɗora wa fuskar kwamfuta don ta yi kama da duniyar wasan bidiyon da mai ita ke so.

Sai dai a cikin wannan kwalliya akwai wata tambaya da ba kasafai ake yi ba a ofisoshin Abuja: abin nan da ke kan allo, hoto ne ko manhaja ce? Hoto ana kallonsa ne kurum. Manhaja kuwa aiki take yi, tana karanta abin da aka ba ta izinin karantawa, tana magana da waje ta intanet, kuma wanda ya rubuta ta ne kaɗai ya san iyakar abin da ya umarce ta. A lokacin da aikin gwamnati ke ƙaura daga kabad zuwa kwamfuta, wannan bambanci ya tashi daga batun masana ya zama batun duk wanda ke da kalmar sirri.

Sha'awar da ta girmi kwamfuta

Babu wanda ya san ƙasar Hausa da zai yi mamakin mutum ya ƙawata wurin da yake yini. Maginan Zariya da Kano sun zana dagi a goshin zaure tun kafin a san siminti. Amarya na da jerenta, direban babbar mota na da zakinsa da gaggafarsa a jikin bodi, mai a-daidaita-sahu na da rubutunsa a baya. Ofishin gwamnati ne wurin da wannan sha'awa ke shan wuya. Tebur na gwamnati ne, kujera ta gwamnati ce, kowanne da lambar kaya da aka rubuta masa da farin fenti a gefe. Ma'aikaci na iya shekara 35 a aiki bai mallaki komai a ɗakin ba sai darduma da kofin shayi da kalandar da wani banki ya raba. Fuskar kwamfuta ita ce bango ɗaya tilo da babu wanda ya rubuta wa lamba, don haka a nan ake rataye abin da zuciya ke so.

Kamfanonin manhaja sun gane haka da wuri. A watan Agustan 1995, tare da fitowar Windows 95, kamfanin Microsoft ya sayar da wani ƙarin ƙunshi mai suna Microsoft Plus!, wanda da dannawa ɗaya yake sauya hoton fuska da launuka da sautuka da siffar kibiyar linzami gaba ɗaya. Akwai na namun daji masu haɗari, akwai na Leonardo da Vinci, akwai na kimiyya. Wannan shi ne abin da ake kira jigo, wato kwalliya cikakkiya mai tafiya a kan maudu'i guda. Yawancin ma'aikatan da suka fara taɓa kwamfuta a ofis bayan shekarar 2001 sun fara ne da koren tudun nan da shuɗin sama na Windows XP, hoton da Charles O'Rear ya ɗauka a Kaliforniya a 1996. Abu na farko da mutane da yawa suka koya, kafin ma su iya buga wasiƙa da kyau, shi ne yadda za su cire tudun su sa nasu.

A 2001 ɗin ne kuma wani ɗan ƙasar Finland, Kimmo Pekkola, ya fitar da Rainmeter, manhaja ta kyauta da ke ba mutum damar shimfiɗa agogo da ma'aunai da jerin ayyuka a kan fuskar kwamfuta cikin kowace siffa ya ga dama. Masu son wasanni suka rungume ta, suka riƙa ƙera fuskoki masu kama da allon jirgin yaƙi ko taswirar jarumi, suna raba wa juna. Har yau tana nan da ranta. Amma wadda ta fi cin kasuwa a yanzu ita ce Wallpaper Engine, aikin wani Bajamushe mai suna Kristjan Skutta, wadda ta fara bayyana a 2016 a Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, ta kuma fito a kammale a 2018. Ita ce ta mayar da hoto mai motsi abin kowa. Ba wasa ba ce, amma sau da yawa takan shiga jerin abubuwan da aka fi kunnawa a Steam, kafaɗa da kafaɗa da manyan wasanni. Hotunan da ke cikinta ba kamfani ke yin su ba, masu amfani da ita ne ke ƙerawa su ɗora, kuma sun haura miliyan.

Wanda ke zaune a teburin bakin ƙofa a yau ɗan wannan zamani ne. Ya tashi a gidajen gem na unguwa, inda ake biyan kuɗi a buga PES ana ihu kamar a filin Sani Abacha, ya yi yawo a titunan GTA: Vice City na 2002 da San Andreas na 2004 a kwamfutar yayansa, daga baya ya koma PUBG da Call of Duty a waya. Jaruman waɗannan wasanni a wurinsa kamar jaruman finafinan Indiya ne a wurin iyayensa, waɗanda su ma sun manna hotunansu a bangon ɗaki. Babu abin zargi a nan.

Araha ba ta ado

Matsalar takan fara ne daga aljihu. Farashin Wallpaper Engine bai kai dala 5 ba, abin da a Turai bai wuce kuɗin kofin gahawa ba. Amma Steam ba ta karɓar naira, kuma tun daga 2022 bankunan Najeriya da dama suka taƙaita ko suka dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a waje, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi. Ko da katin ya yi aiki, a canjin kusan naira 1,500 kan dala ɗaya da aka gani a 2025, kuɗin ya tasar wa naira 7,000, kimanin kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024. Ƙaramin ma'aikacin da ke biyan kuɗin mota daga Mararraba kullum ba zai kashe wannan a kan ruwan sama na ƙarya ba. Zai rubuta sunan manhajar a Google, ya ƙara kalmar da ke nufin kyauta, ya sauke abin da ya fara fitowa. Ko kuma abokinsa ya miƙo masa filashi.

Abin da ya sauke ɗin nan fasasshiyar manhaja ce, wato wadda wani ya ɓalle mata makulli ya sake ɗinke ta. Wanda ya ɗauki wahalar ɓallewa, ya biya kuɗin shafin da ya ɗora ta, bai yi don Allah ba a mafi yawan lokuta. A watan Yunin 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya bayyana wata manhajar ɓarna da ya raɗa wa suna Crackonosh, wadda aka cusa cikin fasassun kwafin wasanni irin su GTA V da NBA 2K19 da PES 2018. Ta kama kwamfutoci kimanin 222,000 a faɗin duniya. Aikinta na farko shi ne ta kashe manhajar riga-kafi da hanyar sabunta Windows, sannan ta sa kwamfutar ta riƙa haƙo kuɗin kirifto na Monero, abin da matasan Arewa suka sani da mainin, amma a asusun wani. Avast ya ƙiyasta masu ita sun tara fiye da dala miliyan 2. Abin da mai kwamfutar ke gani shi ne na'urarsa ta yi nauyi, fanka na kuka, batir ba ya jimawa. A ofis, irin wannan kwamfuta sai a ce ta tsufa, a rubuta takardar neman sabuwa.

Akwai wata ƙofa da ta fi wannan kusa da gida. Idan Windows ba ta da lasisi, Microsoft ba ya hana ta aiki, amma yakan kulle sashen sauya kwalliya, ya kuma bar wani rubutu a kusurwar allo yana tunatarwa. Ke nan ɗaya daga cikin abubuwan farko da mai Windows marar lasisi ke rasawa shi ne damar sauya jigo da launi ta hanyar da aka saba. Maganin da ya yaɗu a wurin masu gyara, daga Abuja har ko'ina, shi ne wata ƙaramar manhajar yaudara, wadda aka fi sani da KMSPico, da ke sa Windows ta ɗauka an biya. Kafin ta yi aiki sai an kashe riga-kafi, an kuma ba ta cikakken iko a kan na'urar. A watan Disambar 2021 kamfanin Red Canary na Amurka ya ba da rahoton cewa ana rarraba kwafinta ɗauke da Cryptbot, wata manhajar da ke kwashe kalmomin sirri da aka ajiye a burauza. Duk wanda ya taɓa kai kwamfutar hannu gyara a rukunan shagunan Wuse II, inda Banex ya zama sunan da kowa ya sani, ya san yadda cinikin ke ƙarewa: a sake ɗora Windows, a cika ta da manhajoji, a miƙo ta tana sheƙi. Masu gyaran da yawa ƙwararru ne masu amana, kuma su kansu ba su ne suka rubuta abin da ke cikin filashinsu ba. Nan ne gizo ke saƙar.

Ko jigon da bai yi kama da manhaja ba

Mai karatu na iya cewa shi bai taɓa sauke fasasshen abu ba, ɗan fayil ɗin jigo kawai abokin aiki ya turo masa, mai hotunan Barcelona ko na wasan Assassin's Creed. Wannan ma yana da tarihinsa.

Fayil ɗin jigo na Windows rubutu ne gajere da ke gaya wa kwamfuta inda za ta samo hoto da sauti da sauran kayan ado. A watan Satumbar 2020 wani mai bincike, Jimmy Bayne, ya nuna cewa ana iya rubuta adireshin wata kwamfuta ta nesa a gurbin hoton. Idan aka buɗe fayil ɗin, Windows za ta tafi ɗauko hoto, can kuma a tambaye ta ko ita wace ce, sai ta miƙa sunan mai amfani da ita tare da kalmar sirrinsa a murɗe. A murɗe take, ba a fili ba, amma idan kalmar mai rauni ce, irin sunan ɗa da shekarar haihuwa, warware ta ba ya ɗaukar lokaci. A cikin hanyar sadarwar ofis kuwa, wani lokaci ba a ma buƙatar warwarewa, ana iya gabatar da murɗaɗɗiyar a wata ƙofa a shige da ita.

A 2023 wani mai binciken, Gabe Kirkpatrick, ya gano ɓarakar da aka sa wa suna ThemeBleed a Windows 11, wadda ta fi ta farko muni, domin buɗe fayil ɗin jigo na iya sa kwamfuta ta gudanar da umarnin baƙo kai tsaye. Microsoft ya toshe ta a watan Satumbar shekarar. Bayan wata huɗu, a Janairun 2024, ya sake toshe wata da Tomer Peled na kamfanin Akamai ya gano, inda ba sai an buɗe fayil ɗin ba ma, ganinsa kawai a cikin jakar fayiloli ya isa kwamfuta ta aika da murɗaɗɗiyar kalmar sirri. Toshewar ba ta cika ba, sai da aka ƙara wata a watan Yuli.

Abin lura a nan shi ne yawancin waɗannan ɓarakoki an ɗinke su, amma ɗinkin yana isa ne ga kwamfutar da ke karɓar sabuntawa kawai. Wadda aka kashe wa sabuntawa don kada ta cinye data, ko don kada Microsoft ya gane lasisin jabu ne, tana nan yadda take. Sannan tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta da aka saba, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, alhali kwamfutoci da yawa da aka saya shekarun baya ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon ba mai yaɓe shi yanzu.

Ko manhajojin asali, waɗanda aka saya da halal, suna da nasu ɗakin da ya kamata a shiga da hattara. A Wallpaper Engine akwai hotuna iri huɗu: na bidiyo, na zane mai motsi, na shafin intanet, da wanda shi kansa cikakkiyar manhaja ce da wani baƙo ya rubuta ya ɗora. A Rainmeter ma wasu fuskokin kan zo da ƙarin guntayen manhaja. Labulen allo, wato hoton da ke rufe fuska idan an bar kwamfuta ba a taɓa ta ba, shi ma manhaja ce tsantsa duk da sunansa na ado. Haka nan ƙananan ƙare-ƙaren burauza da ke alƙawarin sabon hoton Fortnite ko Minecraft duk lokacin da aka buɗe shafi: da yawansu kan nemi izinin sauya injin bincike, wasu har da karanta abin da ke kowane shafi da mutum ya shiga. Akan danna amincewa ba tare da an karanta ba.

Abin da ke bayan hoton

Da a ce shekara 20 da suka wuce ne, asarar ba za ta wuce 'yan wasiƙun da aka buga ba, tunda ainihin fayil yana rajista, cikin bangonsa na kwali, masinja na yawo da shi daga bene zuwa bene. Yanzu ba haka ba ne. Albashi ya koma IPPIS tun 2007, kasafi da biyan kuɗi sun koma GIFMIS tun 2012, asusun bai-ɗaya ya kankama a 2015. Shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025 ya sa mayar da fayiloli na'ura cikin ginshiƙansa, kuma Didi Esther Walson-Jack, wadda ta karɓi shugabancin ma'aikatan tarayya daga Folasade Yemi-Esan a watan Agustan 2024, ta sanya ranar 31 ga Disambar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar takarda. Ma'anar wannan ita ce kwamfutar da ke teburin bakin ƙofa ta zama ƙofar rajista. Ta burauzar da aka yi wa kwalliya ake shiga rumbun fayiloli, a cikinta aka ajiye kalmar sirrin imel ɗin aiki don kada a riƙa bugawa kullum.

Hadiman manyan jami'ai da na 'yan majalisa sun fi kowa zama a tsaka mai wuya, domin su galibi da kwamfutar kansu suke aiki. Ita ce a ofis da rana, ita ce a otal idan an yi tafiya, ita ce a falo da dare, inda ɗa ko ƙane kan karɓa ya yi gem. A cikinta akwai daftarin jawabin maigida, da jadawalin tafiye-tafiyensa, da hoton fasfo ɗinsa da aka ɗauka don neman biza, da takardun neman aiki na mutanen mazaɓa ɗauke da lambobin shaidar ɗan ƙasa. Babu sashen fasahar sadarwa da ya san da zamanta. Idan yaro ɗan shekara 14 ya ɗora mata damisa mai motsi ranar Asabar, ranar Litinin damisar za ta shiga harabar Majalisar Tarayya, ta wuce 'yan sanda da na'urar bincike ba wanda ya tsayar da ita.

Doka ba ta san kalmar kwalliya ba, abin da ta sani shi ne bayanai sun fita. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan, rantsuwar riƙe sirri da ma'aikaci ya yi tana kansa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan mutane ta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet ta 2015 a shekarar 2024 shi ma ya rage wa'adin kai rahoton hari zuwa sa'o'i 72, zuwa ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wahalar ita ce, manhajar da ke satar kalmar sirri ba ta buga ganga. Sa'o'in suna fara ƙirguwa ne daga lokacin da aka gane, kuma ana iya wata da watanni ba a gane ba.

Hani kaɗai

Hanya mafi sauƙi ga shugaba ita ce ya hana abin da idonsa ke gani. A 2006 magajin garin New York na lokacin, Michael Bloomberg, ya kori wani ma'aikaci bayan ya hango wasan karta na Solitaire a allonsa yayin wata ziyara. Abin dariyar shi ne wannan wasa Microsoft ne da kansa ya sa shi a Windows tun 1990, kuma ya taimaka wa miliyoyin ma'aikata koyon riƙe linzami. Daraktan da ya tsawata wa yaro a kan sojan da ke motsi a allo, alhali tasa kwamfutar mai natsattsen shuɗin hoto tana tafiya da lasisin jabu ba ta ga sabuntawa ba shekara uku, ya bar jaki yana dukan taiki.

Windows na da tsarin da mai kula da kwamfutocin ofis zai kulle hoton fuska daga wuri ɗaya, ya ɗora tambarin ma'aikata a kan kowa, kuma bankuna da manyan kamfanoni da yawa haka suke yi. Amma kulle hoto shi kaɗai ado ne shi ma. Abin da ke da amfani shi ne a raba ma'aikaci da ikon ɗora manhaja a kwamfutar gwamnati, ya zama yana aiki da asusu na talaka, asusun mai gida yana hannun sashen fasaha. Idan aka yi haka, yawancin fasassun manhajoji za su tsaya a bakin ƙofa suna neman izinin da ba za su samu ba. Wannan kuwa yana buƙatar kwamfutocin su kasance a ƙarƙashin kulawa guda, da lasisi na gaske, da ma'aikatan fasaha da ake jin maganarsu. Hukumomin da za su tsara wannan suna nan, NITDA tun 2001, Galaxy Backbone tun 2006. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin takardar manufa da kwamfutar da wani ɗan kwangila ya kawo a kwali ya ajiye, aka sa hannu aka karɓa.

Sannan akwai hikima a bar wa mutane ƙofar halal a buɗe. Hoto na gaske, wanda aka ɗauka da waya ko aka sauke daga shafin kamfanin wasan, a ɗora shi da hannu, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai a kwamfutar da ke karɓar sabuntawa. Microsoft ya daɗe yana raba jigogin wasanni kyauta, tun zamanin Windows 7 akwai na Halo da na Angry Birds, yanzu kuma suna cikin kantinsa na Microsoft Store. Mai son motsi a kwamfutar gidansa yana da Lively Wallpaper, wadda kyauta ce, kuma rubutunta a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Batun wuta da akan kawo ba shi da nauyi sosai, domin hoto mai motsi bai kai na'urar sanyaya ɗaki jan lantarki ko kusa ba, kuma irin waɗannan manhajoji kan dakata da kansu idan an buɗe wani aiki ya cika allo. Inda ake jin sa shi ne a batir, ranar da aka ɗauke wuta janareta bai tashi ba, ana tsakiyar buga takardar da ake jira.

Wani abin da ya cancanci a tsaya a kansa, ko da a gefe: waɗannan manhajoji suna zuwa da kayan ƙira, kowa na iya ɗaukar hotonsa ya ba shi motsi. Amma mai neman ƙurar hawan daushe tana tashi a bayan dawakai, ko gajimare na ratsa kan dutsen Zuma, ko ɗan dambe ya ɗaure hannu yana zagaya fage, zai sha nema kafin ya samu, alhali titunan Tokyo cikin ruwan sama sun fi ƙarfin ƙirga. Matasan da ke da wannan fasaha suna cikin ofisoshin nan, wasunsu a teburin bakin ƙofa.

Akwai kuma ɗan gyara guda da ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko sa hannun babban sakatare. Kowane fayil yana da 'yan haruffa a ƙarshen sunansa da ke nuna jinsinsa: jpg ko png hoto ne, exe ko scr manhaja ce, theme ko themepack jigo ne. Windows, yadda take fitowa daga kamfani, tana ɓoye waɗannan haruffa. Saboda haka fayil ɗin da ainihin sunansa messi.jpg.exe zai bayyana a allo a matsayin messi.jpg, kuma wanda ya ƙera shi na iya manna masa tambarin hoto don ya cika kama. Wurin da ake umartar Windows ta daina ɓoyewa yana cikin jerin zaɓin dubawa, a saman tagar da ake buɗe fayiloli, dannawa biyu ko uku ne. A ma'aikatar da kwamfutocinta ke ƙarƙashin kulawa guda, jami'in fasaha ɗaya na iya kunna shi ga bene guda kafin a tashi sallar azahar.